Mayun Gidan Yarin Gulbare

A zamanin Sarki Jatau Mai Tambura, shekara goma sha tara bayan Nasara sun ci ƙasar Gulbare, babu mai sarauta a birnin da ya kai Yari Nagoma yawan tsaki. Bawan sarki ne tun kaka da kakanni. Ya yi yaƙi uku a bayan mahaifin Sarki Jatau, na ƙarshensu shi ne ranar da bindiga mai ruwa ta share mutanen ƙofar gabas. Da yaƙi ya ƙare aka naɗa shi Yari, aka danƙa masa mabuɗan kurkuku. Turawa suka cike tsohon ramin da ake jefa masu laifi, suka sa aka gina sabon gida a bayan kasuwa, mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Suka kuma kawo dokoki da suka fi fursunonin yawa: a yi shara, a shafa farar ƙasa, a rubuta laifin kowa a littafi, kada a taɓa lafiyar kowa sai da takarda.

A bazarar wannan shekara sanƙarau ya shiga Unguwar Marina. Cikin kwana goma sha biyu aka binne yara ashirin da ɗaya. Ba a ko share makoki ba magana ta fito cewa kurwarsu aka kama, aka kuma ambaci tsofaffi uku: Tasalla mai ƙuliƙuli, da Lantana makauniya, da Inna Ƙyallu ungozoma. Biyun farko ba su da kowa. Ƙyallu kuwa ƙanwar mahaifiyar Waziri Mijinyawa ce, ita ta shayar da shi bayan uwarsa ta rasu, kuma mutanen Gulbare sun yarda cewa a nono ake shan maita. Kowa ya san Galadima Bagudu ya daɗe yana neman abin da zai raba Waziri da Sarki, domin Sarki ya tsufa, kowannensu yana da ɗan sarkin da yake so ya hau gado.

Ranar Litinin aka yi zaman fada, aka aika Yari ya zo. Ya samu wuri can baya kusa da takalma ya zauna.

Galadima ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Jiya da rana tsaka kada ya fito daga tafki ya kwanta a ƙofar gari, abin da ba a taɓa gani ba sai shekarar da aka ci birnin nan. Ƙasa ce take yi mana magana. 'Ya'yan talakawanka suna ƙarewa, masu cin su kuwa an san su da suna. Iyayenmu sun bar mana hanya: a jiƙa gwaska a ba su su sha a gaban jama'a. Wadda ta amayar ta kuɓuta, wadda ta riƙe ta tafi da laifinta. In akwai mai tsoron gwaska a zauren nan, ya faɗa wa Sarki dalilinsa."

Nagoma ya ce a ransa, tafkin da ya ƙafe har yara suna wasa a tsakiyarsa, ina kada zai zauna?

Waziri bai ko dubi inda Galadima yake ba. Ya ce, "Allah ya ƙara wa Sarki lafiya. Gwaska guba ce, tsohuwa mai shekara saba'in ko ruwan sanyi ta sha da yawa sai ya kayar da ita. Joji, Baturen da ke mulkin ƙasar nan, ya hana ta da bakinsa a zauren nan. Wanda yake ba Sarki wannan shawara, rawanin Sarki yake so a kwance, ba yaran marina yake ji ba."

Sarki ya juya ga Alƙali. Alƙali ya gyara zama ya ce, "Allah ya taimaki Sarki, ba ni da shaida, ba ni da wadda ta amsa laifi, littafi bai ba ni hukunci a kan zato ba. Nasara kuma sun ce maita babu ita, wanda ya kira wani maye shi ne mai laifi. Ba zan iya ɗaure su ba. In kuwa na sake su, ba za su kai la'asar da rai ba."

Sarki ya daɗe yana kallon bakin alkyabbarsa, sannan ya ce, "Yari."

"Zaki."

"Joji Mai Lofe yana rangadi a ƙasar dutse, sai nan da kwana tara zai dawo. Ka ɗauki matan nan ka ajiye mini su har ya zo."

"Allah ya ba ka nasara, gidana na masu laifi ne. In Joji ya buɗe littafi ya tambaye ni laifinsu, in ce masa me?"

"Ka ce ajiyar Sarki ce."

"Zaki, ba ni da ɗakin mata."

"Ka yi."

"Gandirobobina tara ne kacal, kuma in suka ji..."

Dogarai suka ɗauki murya, "Sarki ya gama magana, Yari. An gaishe ka."

Haka Nagoma ya fito da tsofaffi uku a bayansa, Tasalla tana jan Lantana da sanda, mutane sun yi layi biyu suna tofar da yawu suna janye 'ya'yansu. Kafin ya kai bayan kasuwa labari ya riga shi. Gandirobobi biyar suka cire hula suka haura katanga. Mai dafa wa fursunoni tuwo ta bar tukunya a kan murhu ta gudu ba ko zane a kafaɗa. Fursunoni sittin da biyu, waɗanda a cikinsu akwai masu fashi da ɓarayin shanu da wanda ya sare ɗan'uwansa a kan gona, suka taru a lungu ɗaya suna roƙon a mayar da su ko'ina ne, ko da ramin da ne.

Saje Ɗankaka, babban gandiroba, ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, ko a turara barkono a ƙofar ɗakinsu? An ce kuma a toshe kafar ruwa, don ta nan suke fita in sun rikiɗa."

Nagoma ya ce, "Ɗankaka, matar da sai an riƙe mata sanda take kai wa bakin rijiya, ita ce za ta bi ta kafar ruwa? Jeka kwashe diga da shebur daga ɗakin kayan aiki, ka shimfiɗa musu tabarma."

Inna Ƙyallu ta leƙa ɗakin ta dawo ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce, "Nagoma, ni na san uwarka, mace ce mai tsabta. Wannan ɗakin ko jaki aka kawo sai ya yi ƙara. A ba ni tsintsiya."

Washegari babu mai girki. Ƙyallu ta fito ba tare da ta nemi izinin kowa ba, ta hura wuta, ta sa Tasalla tankaɗe, Lantana tana gyaran kuka da laluben hannu. Tuwo ya sauka, fursunoni suka ce ko za su mutu ba za su ci ba. Nagoma ya zauna a tsakar gida ya cinye malmala biyu suna kallo, suka ce ai shi Yari yana da laƙani. Kwana biyu ana kwashe tuwo ana mayarwa. A na uku wani ɓarawon shanu da ake kira Gwanki, ƙato mai tabon sara a goshi, ya ja marinsa ya zo ya ce, tunda yunwa ma kisa take yi, gara ya mutu da abu a ciki. Ya ci, ya side kwano, ya zauna yana jiran mutuwa har azahar. Da ba ta zo ba ya nemi ƙari. Kafin magariba an kankare tukunya.

Ran nan Nagoma ya tarar da Ƙyallu ita kaɗai a gindin katanga tana tsince tsakuwa daga gero. Ya tsuguna ya ce, "Inna, ba ni da ikon tambayarki, amma zan tambaya. Me ya haɗa ki da yaran nan?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Goma sha huɗu a cikinsu ni na yanke musu cibi. Akwai wanda na kwana uku a kan uwarsa kafin ya fito. Da ya mutu na ɗauki mayafi zan je gaisuwa, uwar ta rufe mini ƙofa. Abin da ya haɗa mu ke nan."

Nagoma ya miƙe ya koma bakin ƙofa.

A rana ta huɗu manzon Galadima ya zo da riga mai aska takwas a naɗe cikin tabarma. Ya ce Galadima yana gaida Yari, ya san nauyin da aka ɗora masa, kuma tsoho yakan yi mantuwa ya bar ƙofar baya a buɗe, ba wanda zai ga laifinsa. Nagoma ya ce ya gode, rigar ta yi masa yawa. Manzo bai kai ga shan kwana ba sai ga na Waziri, shi kuma da alkyabba. Ya ce Waziri yana roƙon a fitar masa da Ƙyallu ita kaɗai cikin kayan itace, sauran biyun Allah ya kiyaye su.

Nagoma ya ce, "Ka gaya wa Waziri uku Sarki ya ba ni, uku zan mayar. Ku duka kun mai da ni mai tsaron ƙofar gidan biki, kowa ya zo da nasa kayan. Kwashe ka tafi."

A rana ta shida ɗan Sarkin Marina ya rasu. Da la'asar Gwanki, wanda aka fita da shi zubar da shara, ya dawo da labarin cewa mutanen ƙauyukan Galadima suna shigowa ta ƙofar yamma ƙungiya ƙungiya, da baka da gatari, har da 'yan tauri masu cewa ƙarfe ba ya cin su. Nagoma ya aika fada neman dogarai. Aka ce Sarki ya shiga gida da zazzaɓi. Ya aika wa Sarkin Dogarai, ya ce ba ya motsi sai da umarnin Sarki. Ya aika wa Waziri, aka ce ya tafi duba gonarsa. Sai ya ɗora gandiroba ɗaya a kan dokinsa na kansa ya ce ya nemo Joji duk inda yake, kada ya sauka sai a gabansa. Saura gandirobobi uku da tsoho ɗaya, wato shi kansa.

Da hantsin rana ta bakwai suka iso. Nagoma ya hau kan soron ƙofa ya ga filin bayan kasuwa ya cika, mutum ya fi ɗari uku. 'Yan tauri suna gaba, jiki duk layu da guraye, suna goga wuƙaƙe a ciki ana yi musu kiɗa. Bayansu majiya ƙarfi ashirin ɗauke da gungumen giginya. Can a inuwar tsamiya Galadima Bagudu yana kan doki.

Nagoma ya ɗaga murya ya ce, "Galadima babban bawan Sarki, da takardar wa ka zo?"

Galadima ya ce, "Lallashinsu na zo yi, Yari, sun fi ƙarfina. Ka miƙo musu matan nan a huta, kada a zubar da jini a kan tsofaffi uku da kabari yake jira."

"In kabari yana jiransu, ya jira Joji tare da ni."

Kibiya ta farko ta wuce ta gefen rawaninsa, ta biyu ta shige masa dantse. Ya karya ta ya sauko. Gungume ya daki ƙofa har ƙasa ta zubo daga soro. Aka fara jefo bakin wuta ta kan katanga, rufin madafa ya kama.

Ya tsaya a gaban fursunoni da mabuɗai a hannu, jini yana bin gwiwar hannunsa. Ya ce, "Kun san ni, ban taɓa yi muku alkawarin alheri ba, yau ma ba zan yi ba. In ƙofar nan ta karye wuta za su sa wa gidan, mai mari a ƙafa kuwa ba ya tsere wa wuta. Zan kwance ku. Wanda zai gudu ga katanga nan. Wanda ya ci tuwon tsohuwar nan ya ga bai mutu ba, ya ɗauki diga."

Gwanki ne ya fara miƙo ƙafa.

Ɗankaka ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yan taurin fa? Diga ba ta kama su."

Nagoma ya yi yaƙi tare da 'yan tauri tun yana saurayi, ya san abin da suka fi tsoro a duniya, wato ƙazanta ta taɓa layunsu asiri ya karye. Ya nuna bokitan bayan gida guda goma sha biyu da ba a samu fitar da su ba tun jiya. Ya ce, "A hau da su soro."

Da gungume ya sake matsowa, 'yan tauri suna rufa masa baya suna kirari, sai aka juye musu daga sama. Kiɗa ya tsaya cak. Babbansu, wanda ake cewa ya taɓa karya takobi da wuyansa, ya dubi layunsa, ya yar da wuƙa ya juya da gudu, sauran suka bi shi suna tuɓe guraye suna ture na bayansu. Masu gungume ba su ga abin da ya faru ba, sun riga sun taho da ƙarfinsu. Nagoma ya zare sakata, ƙofa ta buɗe, suka zubo ciki a kan junansu, gungumen ya danne ƙafafun na gaba. Fursunoni suka fita ta kansu da diga da shebur da taɓare, wasu sun kifa kwanon sarki a ka maimakon kwalkwali.

Ba a daɗe ana yi ba. Mutanen ƙauye da aka gaya musu tsofaffi uku za su kama, da suka ga 'yan tauri a guje ga kuma ƙattin kurkuku a sake, sai kowa ya nemi hanyar garinsu. Mutum ɗaya ne ya ƙi gudu, wani marini mai hannuwa shuɗi har gwiwa. Ya yi kan Nagoma da gatari, Nagoma ya kauce ya doke masa hannu da gora, gatarin ya faɗi. Mutumin ya durƙushe a wurin yana kuka yana cewa, "Biyu na binne, Yari, biyu a rana ɗaya." Nagoma ya tare Gwanki da ya ɗaga shebur, ya ce wa marinin, "Allah ya ba ka haƙuri. Tashi ka tafi gida, ban gan ka ba."

Galadima ya juya doki zai fita, taron masu gudu ya toshe masa lungu. Nagoma ya isa ya kama linzami da hannunsa mai lafiya. Ya ce, "Sauko, ranka ya daɗe. Ka sha rana wajen lallashi, akwai inuwa a ciki."

An kashe mutum biyar a ranar, biyu daga cikinsu fursunoni ne. Fursunoni huɗu sun gudu. Lantana makauniya ta shaƙi hayaƙin madafa, ta yi kwana biyu tana tari, ta rasu a cinyar Ƙyallu. Babu wanda ya zo daga unguwarsu, Nagoma da Gwanki da gandirobobi ne suka yi mata sutura.

Joji Mai Lofe ya iso a rana ta tara da 'yan sanda goma sha biyu. Zazzaɓin Sarki ya sauka, Waziri ya dawo daga gona, aka cika zaure. Ta bakin tafinta Joji ya ce wanda ya tara mutane da makami ya kai wa gidan gwamnati hari ya yi tawaye. Aka kwance rawanin Galadima Bagudu a gaban jama'a, aka ce za a kai shi wani gari can kudu ya ƙare kwanansa a tsare. Waziri ya tashi ya yi dogon jawabi a kan hangen nesan Sarki da ya sa aka ajiye matan. Da Joji ya tambaye shi ko zai ɗauki innarsa zuwa gida, sai ya ce, "Allah ya daɗe da ran Joji, gara ta ɗan ƙara zama wurin Yari, har bakin mutane ya mutu."

Sannan aka kira Nagoma, ya matso da hannu a rataye. Tafinta ya ce Joji yana tambaya, da iznin wa aka kwance fursunoni, ina huɗun da suka ɓace, kuma me ya sa bangon ƙofa yake cikin wannan hali alhali doka ta ce a shafa farar ƙasa duk wata. Kafin Nagoma ya amsa, Joji ya zuƙi lofensa ya ƙara magana, tafinta ya ce, "Amma Joji ya ce ya ga amfanin gidanka. A duk gundumar da ya bi a rangadin nan ya tarar ana kashe mutane da sunan maita. Daga yau duk hakimin da aka zargi wani a ƙasarsa, ya aiko shi Gulbare wurin Yari. Yau manzanni za su fita."

"Zaki," in ji Nagoma yana duban Sarki, "madafata ta ƙone, gandirobobina..."

"An gaishe ka, Yari," in ji dogarai.

Ranar Juma'a ta biyu yana kan tsani yana duba sabon rufi, Ɗankaka ya kira shi bakin ƙofa. Daga kan hanyar yamma wani dogon layi ne yake tahowa a hankali, dogaran hakimai suna kora su. Tsofaffin mata ne galibi, da 'yan maza kaɗan, an zarga musu igiya ɗaya a wuya. Wasu an aske musu rabin kai, wata an ɗauko ta a kan jaki ƙafafunta duk ƙuna. Ɗankaka ya ce mutum talatin da bakwai ne, kuma na gunduma biyu ne kawai.

Nagoma ya fara lissafa wa Ɗankaka abin da zai je ya faɗa a fada, da wanda zai fara faɗa wa, da inda zai ajiye musu mabuɗansu. Yana cikin yi na gaban layin ya iso, wani tsoho mai furfura har gira, leɓensa ya tsage don ƙishirwa. Ya dubi katangar, ya dubi ƙofar ƙarfe da ta lotsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, nan ne aka ce ba a kashe mutum?"

Nagoma ya dube shi. Sai ya juya ga dogarin da ke riƙe da bakin igiyar ya ce, "Kwance su. A gidan nan ni kaɗai nake ɗaure mutum."

Ya koma gefe ya ba su hanya, ya ce wa tsohon, "Nan ne, baba. Shiga ka sha ruwa."